Jikin Mota Ba Ƙyauren Gida Ba Ne: Nasiha Ga Mai Koyon Waldar MIG

Ranar da injin MIG ya fara shigowa garejinmu, babu wanda ya kai ni rawar jiki. Na riga na daɗe a waldar kabayid, sandar ilaktirod ma ina taɓawa daidai gwargwado, har na fara jin babu ƙarfen da zai ba ni kunya. Aka kawo wata tsohuwar Golf da tsatsa ta cinye mata gindin ƙofar baya. Na yanke wurin, na yanko faci na ɗora, na matsa kunamar bindiga, na ja layi kamar mai haɗa ƙyauren gida. Ban kai tsawon ɗan yatsa ba ƙarfen ya huje. Na tsaya in cike ramin, rami ya ƙara wage baki. Na dai yi ta fama har na rufe shi da ƙyar. Da na ɗaga gilashi na shafa ƙofar da tafin hannu, sai na ji tudu da kwari kamar gonar da aka yi wa huɗa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, bai yi faɗa ba. Ya zo ya danna tsakiyar ƙofar da babban yatsa, ta yi ɓas ta lotsa, ya saki, ta yi ɓas ta dawo, sai ka ce gindin gwangwani. Ya dube ni ya ce, “To, malam, walda kam ka iya. Saura ka san ƙarfe.” Kwana biyu muna lallashin ƙofar nan da guduma, ƙarshenta sai kasuwar Ƙofar Ruwa aka je aka sayo wata, kuma daga aljihuna kuɗin ya fita.

Ƙanena, kai da ka shigo sana'ar a wannan zamani da ƙananan injinan MIG suka fara yawa a kasuwa, ina so in rage maka hanya, kada ka biya kuɗin makarantar da na biya. Ciro katin ATM ɗinka ka dube shi ta gefe. Kaurinsa milimita 0.76 ne. To, fatar ƙofa da fenda da rufin yawancin motocin yanzu kusan haka suke, tsakanin 0.7 da 0.8, da wuya su kai milimita 1. Wannan ne ƙarfen da za ka narkar ba tare da ya huje ba. Hujewar ma da sauƙi, tunda rami ana cike shi. Babbar cutar ita ce murɗewa. Ƙarfe in ya ji wuta yana so ya buɗe, amma mai sanyin da ke kewaye da shi ya riƙe shi ƙam, sai ya cure a inda yake. In ya huce kuma sai ya tsuke fiye da yadda yake a da, ya janyo maƙwabtansa. Ƙyauren gida yana da kauri da kusurwoyin da za su jure wannan jan. Fatar ƙofar mota kuwa shimfiɗa ce kawai, abin da aka yi mata a wannan gefe sai ya bayyana a wancan. Saboda haka duk saitin da zan gaya maka abu ɗaya yake nema: ƙarfe ya haɗu sosai, amma zafin da ya shiga jikin motar ya zama kaɗan.

Shi injin ba don aikinmu aka fara yin sa ba. A Amurka aka fito da shi a 1948, alminiyam ake haɗawa da shi, da gas mai tsada. A 1953 masana a Tarayyar Sobiyet suka nuna cewa iskar CO2 ma tana kare waldar baƙin ƙarfe, abin ya sauko. Sai a ƙarshen shekarun 1950 aka samo dabarar da ta sa ya dace da siririn ƙarfe: siririyar waya da ƙaramar wuta. Wayar ta taɓa narkakken ƙarfe, harshen wuta ya ɗauke, bakinta ya narke ya faɗa, wuta ta sake kamawa, haka sau gommai, wani lokaci fiye da ɗari, cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan taɓawa da sakin shi ne ƙarar da kake ji. Ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa, domin kunnenka zai fi lambobin fuskar injin yi maka amfani.

Fara da waya. A jikin mota mai kaurin 0.6 ce ta gaban goshi, saboda ƙaramar wuta ta ishe ta narkewa. In babu ita, 0.8 za ta yi, sai dai ta fi son hannun da ya goge. Duba kwalin ka ga an rubuta ER70S-6. Amma fa sauya waya ba ya tsayawa a kan waya. 'Yar tayar da ke tura ta yawanci tana da kwari biyu, ɗaya na 0.6 ɗaya na 0.8, sai ka juya ta zuwa wanda ya dace. Ɗan bakin jan ƙarfen nan da wayar ke fitowa ta cikinsa, wanda muke kira tif, shi ma da lambarsa a jikinsa. Na sha ganin yaro ya zura siririyar waya a tif mai faɗin rami, wuta tana kamawa tana saki, shi kuma yana ta zagin injin da wanda ya sayo shi. Matsin tayar ma da ƙa'idarsa: nufi guntun katako da bindiga ka matsa kunama, in wayar ta doki katakon ta lanƙwashe ta naɗe ba tare da tayar ta zame ba, ya isa haka. In ka ƙara ɗaurewa za ta baje wayar, ta riƙa zubar da gari a cikin bututu har ya toshe. Da damina kuma kada ka kwana da waya a jikin inji na kwanaki. Tsatsa tana kama ta, kuma wayar da ta yi tsatsa ba ta da magani sai a warware a zubar. Cire ta ka ƙulle a leda.

Mai shago zai kwaɗaita maka wayar nan mai hoda a ciki, wadda ba ta buƙatar gas. Ga ƙyaure da tagar ƙarfe da aikin fili ba ta da laifi. A jikin mota dai ban yarda da ita ba. Yawanci daga 0.8 take farawa, ga zafi, ga tartsatsi, ga dattin da take bari a kan kowane ɗigo, wanda in ba ka kankare ba sai ɗigon da ke biye ya binne shi a ciki. Araha ba ta ado. Kuma ko da wayar kirki ka sayo, buɗe murfin gefen injin ka duba inda aka ɗaura wayoyin wuta. Waya mai aiki da gas tana son bindiga a kan alamar +, wayar at, wadda ake maƙalawa a jikin ƙarfen da ake waldawa, a kan alamar −. Mai hoda akasin haka take so, kuma injina da yawa a saitinta suke zuwa. Mutum zai wuni yana murɗa maɓallai, alhali matsalar ƙusa biyu ce kawai da za a musanya.

Gas mafi daɗin aiki a siririn ƙarfe shi ne haɗin argon da CO2, argon kashi 75 ko 80 cikin ɗari. Wutarsa tana da laushi, tartsatsi kaɗan. CO2 zalla ya fi araha, ya fi sauƙin samu, kuma yana aiki, amma yana nutsawa cikin ƙarfe sosai, yana feshi, sannan in an daɗe ana aiki regiletarsa takan yi ƙanƙara, shi ya sa ake yin mai na'urar ɗumamawa. In shi ka samu, yi da shi, ka ƙara gajarta ɗigonka. Abin da zan ja kunnenka a kai da babbar murya shi ne tukunyar oksijin ɗin nan da ke jingine a gareji don waldar kabayid. Ba ta da hurumi a nan ko kaɗan. Aikin gas a MIG shi ne ya kori iska daga kan narkakken ƙarfe, kuma oksijin na cikin ɓarayin da ake kora. Wanda ya jona ta ya ba kura ajiyar nama, ga haɗarin gobara a kai. Ita ma tukunyar taka a ɗaure ta da sarƙa, a tsaye.

Buɗe gas ɗin ya riƙa fita lita 8 zuwa 10 a minti, kuma ka duba ma'aunin yayin da kake matse da kunama, ba lokacin da injin ke hutawa ba. Kada ka ce yawa ya fi. In ya fito da ƙarfi yakan yi guguwa ya janyo iskar da aka ce ya kora. Sai kuma matsalar da ta fi damun mu nan, mu da garejinmu gindin darbejiya ne ko rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe: iska. Da hunturu, 'yar iskar da ba ta kai ta kaɗa maka riga ba ta isa ta kwashe gas ɗin, ka ɗaga gilashi ka tarar da walda duk ƙananan ramuka kamar cikin burodi. Irin wannan ba a fenti a kanta, gurzewa ake yi a sake. Jingina tsohon bonet ko fallen kwano ya tare maka iskar, ka kashe fanka ko da zufa na zuba. Tabarma da kwali ba abin tariya ba ne, wuta suke kamawa.

Yanzu mu zo kan maɓallan nan biyu, inda yawancin masu koyo ke ɓata. Ɗaya na bolt ne, ɗaya na gudun waya. Abin da ba a cika gaya wa yaro ba shi ne, a MIG gudun waya shi ke jan amfiya: ka ƙara gudu, wuta ta ƙaru. Bolt kuma shi ke sa ɗigo ya baje ko ya tsaya a dunƙule. Ƙa'idar da ake farawa da ita, kimanin amfiya 40 ga kowace milimita ta kaurin ƙarfe, wato fatar ƙofa tana neman talatin da 'yan kai. Da waya 0.6, fara daga bolt 15 zuwa 16, gudun waya mita 3 zuwa 4 a minti. In injinka lamba 1 zuwa 10 kawai aka zana masa, duba jadawalin da ke manne a cikin murfinsa. Duk waɗannan bakin ƙofa suke kai ka, ba sa shigar da kai ɗaki. Mai shigar da kai shi ne guntun ƙarfe, kuma ba kowane ba: yanko daga tsohuwar ƙofa ko fenda mai kaurin wadda za ka yi wa aiki, ka goge shi fes, ka gwada a kai. Motar mutane ba allon koyo ba ce.

Sa kunne. In saiti ya zauna, za ka ji ƙara mai ɗorewa, sumul, kamar an saki ƙosai a mai mai zafi. In ka ji wayar tana tokarin ƙarfe tana turo maka hannu baya, tana tas-tas-tas, to waya ta yi wa wuta yawa: rage gudu ko ka ɗan ƙara bolt. In kuwa ka ga bakinta yana narkewa tun bai isa ƙarfe ba, yana yin ƙwallo yana hawa sama har ya manne da tif, to gudu ya yi kaɗan. Maɓalli ɗaya za ka taɓa a lokaci guda, kaɗan-kaɗan. Wanda ya murɗa biyu tare ba zai taɓa sanin wanne ya gyara ba, wanne ya ɓata. Wayar da ta leƙo daga tif kuma kada ta wuce milimita 6 zuwa 10, kuma ka riƙa datse ƙwallon bakinta da filaya, ɗigo ya fi kamawa da sauri.

Ga inda tsoro ke cutar da mai koyo. Da ya huda ƙarfe sau biyu, sai ya murɗe wuta ƙasa can. Ɗigo ya daina nutsawa, ya zauna a sama a dunƙule kamar kashin akuya. Don ya kama, dole ya daɗe yana matse da kunama, zafin ya samu lokacin yaɗuwa cikin ƙofar, ta murɗe. Daga baya ya zo da giranda ya share tudun, ashe tudun ne kaɗai ke riƙe da facin. Ni abin da na gani shi ne gara wuta ta ɗan fi ƙarfi, hannu ya yi sauri. Matsa, saki, bai kai daƙiƙa ɗaya ba. Ɗigo mai kyau yana kwanciya a baje kamar ƙwayar wake da aka raba biyu, in ka juya bayan ƙarfen ka ga ya ɗan ɓullo. In baya bai nuna komai ba, ba ka yi walda ba, ado ka yi. Kama guntayen biyu da ka haɗa da filaya ka yi ta lanƙwasawa har su rabu. In ƙarfen ne ya yage ya bar ɗigon a tsaye, saitinka ya yi. In ɗigon ne ya ɓalle, koma.

Kuma saitin safe ba lallai ya kai ka la'asar ba. Wutar gari tana hawa tana sauka, janareta in maƙwabci ya kunna kwamfiresa sai ya yi nishi, doguwar siririyar wayar jona wuta kuma tana shanye rabonta tun a hanya. Da ka ji ƙarar ƙosan nan ta sauya, tsaya, koma kan guntun ƙarfenka. Kafin ka zargi wuta ma, duba wayar at. A maƙala ta a farin ƙarfe da aka goge, kusa da wurin aiki, a jikin fallen da ake waldawa, ba a kan fenti ba, ba kuma can a bamba ba.

Rabin aikin tun kafin a kunna inji yake ƙarewa. Yanke tsatsa har sai ka kai lafiyayyen ƙarfe, don ruɓaɓɓe da ya ji wuta ɓacewa yake yi. Goge fenti da fila da kwalta ciki da waje, faɗin yatsa biyu. Facin ya zauna baki da baki da jikin motar, tsakaninsu kada ya wuce kaurin wayar. Na san ɗora faci a kan tsohon ƙarfe ya fi sauri, amma tsakanin fallen biyu ruwa yake kwana, bayan damina ɗaya ko biyu fenti ya kumbura, mai mota ya dawo yana nemanka. Sannan ka manta da jan layi. Ɗigo a wannan kusurwa, ɗigo a waccan, ɗigo a tsakiya, kana tsallake-tsallake, tsakanin kowane biyu kamar faɗin yatsa biyu. Dakata har sai ka iya ɗora tafin hannunka a wurin. Sai ka dawo ka sa wasu a tsakankaninsu, haka har su haɗe, kowane sabon ɗigo ya ɗan hau gefen na kusa da shi. Facin da bai fi tafin hannu ba yana iya cin awa guda, kuma mafi yawan awar zaman jira ne. Iskar kwamfiresa tana taimakawa wajen hucewa. Jiƙaƙƙen tsumma a kan ƙarfe mai zafi kuwa ban so, yana sa shi tsukewa farat ɗaya ya yi tauri. In hannunka na kaiwa baya, ɗora doli, wato dunƙulen ƙarfen tokari, ka ɗan bubbuga kowane ɗigo da guduma a hankali. Abin da wuta ta tsuke, guduma ce ke mayar da shi.

Nemi guntun bututun jan ƙarfe ka buge shi ya baje, ka ajiye a akwatinka. In ka tokara shi a bayan wurin da kake walda, yana shan zafi, yana tare narkakken ƙarfe kada ya zube, kuma walda ba ta kama shi. Da shi ake rufe rami cikin mutunci: ɗigo a gefen ramin, a jira jan ya dushe, a ƙara wani, har bakin ya haɗe. Inda kamfani ya yi waldar ɗigo tun asali, huda rami na milimita 6 zuwa 8 a fallen sama, ka matse fallayen biyu sosai, ka fara daga tsakiya a kan na ƙasa ka cike. Giranda ma wuta ce. Na ga wanda ya yi walda mai kyau, ya zo ya murɗe ƙofar wajen gurza. In ka ga ƙarfe ya fara shuɗi, ka wuce gona da iri.

Motocin yanzu ba irin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ba ne, waɗanda wayoyinsu ba su taka kara sun karya ba. Cire kan batir kafin ka fara, in aikin kusa da ƙwaƙwalwar mota ne cire ta ita ma. Leƙa bayan fallen: soso, kafet, wayoyi, bututun mai. Rufe gilasai, don tartsatsi yana nutsewa a cikinsu ba ya fita. Ɗora maganaɗisu a jikin bonet ko ƙofa, in bai kama ba wataƙila alminiyam ne, wannan wayar ba tasa ba ce. Ginshiƙin tsakanin ƙofofi a motoci da yawa na zamani kuma ƙarfe ne na musamman da zafi ke kashe masa ƙarfi, ba wurin gwaji ba ne, ran mutane yake karewa. Naka jikin fa? Baƙin tabarau na kasuwa ba gilashin walda ba ne. Nemi hular da duhunta ya kai lamba 10, in ba haka ba tsakar dare za ka tashi kamar an zuba maka yashi a ido. Farin hayaƙin da ke tashi daga ƙarfe mai rufin tutiya yana sa zazzaɓi, kuma gwangwanin madarar da ake sha bayan aiki ba ya wanke huhu. Goge rufin, ka kawar da kanka daga hayaƙin. Kada kuma ka wanke wurin walda da maganin fesa birki, wasu irinsa in suka gamu da wutar walda guba suke zama mai kisa.

Abu na ƙarshe, fila. An yi ta don ta share 'yan ƙananan tabo, kaurin milimita biyu ko uku, ba don ta rufa wa mugun aiki asiri ba. Mai mota ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin fenti, amanar ke nan da ya ba ka. Haska tocila ta baya, in haske ya ɓullo ta wani ɗan rami, cike shi. Bayan facin ma a shafa masa maganin tsatsa, ko da babu idon da zai kai wurin.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka taɓa motar kowa, zaga bayan rumfa ka yanko guntaye biyu daga ƙofar da aka yar. Yi ɗigo ashirin, juya baya ka duba, sannan ka sa filaya ka raba su. In ƙarfen ya yage, je ka ɗauki aikinka. In ɗigon ya ɓalle, yanko wasu biyu.